Ɗan Gwamnati Ya Ƙi Sata

Babanmu mai gyaran keken ɗinki ne, amma a layin teloli ba mai ce masa haka. Likita ake kiransa. In keke ya fara tsinke zare, ko yana tsallake ɗinki, ko yana kuka irin na tsohuwar ƙofa, sai a ciro kan keken a rungumo a kawo masa. Ba ya tambayar abin da ke damunsa. Yakan juya hannun keken a hankali, ya kara kunne, sannan ya dubi mai shi ya faɗa masa laifinsa. Laifin kullum na mai keke ne. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya ɗora wa keke laifi ba.

Ni ce autarsa. Ina da tebur a bakin shagon ina sayar da zare da maɓalli da zif, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Shagon ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya. Akwai bencin masu jira, akwai kanta cike da kawunan kekunan da masu su suka daina ɗinki ko suka daina numfashi, sai teburin aiki wanda mai ya jiƙa har katakonsa ya koma baƙi.

Komai Baba yana yinsa a idon jama'a: wanki da kananzir, canza bel, zuba mai, gyaran feda. Aiki ɗaya ne ba ya yi a gaban kowa. A cikin keke, can ƙasa, akwai wata 'yar ƙugiya da take zuwa ta kamo zaren da allura ta sauko da shi. In ta iso da wuri ko ta makara, ko da ƙiftawar ido ne, ɗinki ba zai kamu ba. Daidaita haɗuwar allura da ƙugiyar nan shi ake ce wa saiti, kuma shi ne sana'ar, sauran duk share fage ne. In aiki ya kai ga saiti, Baba yakan ɗauki kan keken ya mayar da shi ƙarshen tebur wajen taga, ya juya wa duniya baya. Ba abin da za ka gani sai bayan riga, da gwiwar hannun hagu a ɗage kamar kaza za ta miƙe fiffike. In ya juyo, keke ya warke.

Haka ya tarar ana yi. Yana yaro aka kai shi wurin wani tsoho mai ƙarancin magana, wanda har gobe ba ya kiransa sai Maigida. Ya yi shara, ya ɗebo ruwa, ya wanke noti har hannunsa ya saba da warin kananzir. Maigida bai taɓa ce masa ga yadda ake yi ba, kuma shi ma in an zo saiti juya baya yake yi. Sai Baba ya lura cewa in tsohon ya ɗaga hannu, tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙari akwai 'yar kafar da ido zai iya wucewa. Daga ranar shararsa ta koma daidai wurin. Ya ce wurin ya sha tsintsiya har simintin ya lotsa. Ranar da Maigida ya dawo daga unguwa ya tarar yaro ya saita keken wani tela shi kaɗai, sai ya kira shi ɓarawo, ya ranƙwashe shi, sannan ya jawo aljihun tebur ya miƙa masa sukudireba mai ƙotar katako. Ita ce takardar shaidar Baba. Shekara da shekaru tana aljihunsa na gaba, kuma duk sanda ya ba da labarin sai ya shafa wurin ranƙwashin yana murmushi.

Daga nan ya samo aƙidarsa, kuma bai taɓa sake ta ba. A wurinsa sana'a ba a bayar da ita, sace ta ake yi. Yana cewa abin da aka miƙa maka za ka ajiye ka manta inda ka sa shi, wanda ka sha wuya ka leƙo kuwa ba ya barin idonka. Ban ce ƙarya yake yi ba. Na dai san cewa a shekarun da ya yi a layin, yara da yawa sun shigo shagon sun fita, kuma babu ɗaya da ya fita da saiti.

Cikinsu har da Yaya. Mu biyar Baba ya haifa, Yaya ne kaɗai namiji. Ya yi shekara uku a shagon, wata safiya ya jingine tsintsiya ya bi wata babbar mota a matsayin yaron mota. Yanzu shi ne direba, har furfura ta fara fito masa a gemu. In an tambayi Baba sai ya ce, “Ba shi da ido.” In an tambayi Yaya sai ya kawo zancen tsadar taya. Ba su taɓa faɗa ba. In ya zo gida sukan gaisa cikin ladabi kamar surukai, kowa ya tambayi kowa gajiya, sai zance ya ƙare.

Shi kuwa mai idon, nasa ya fara gajiya. An jima ni nake zura masa zare a allura. Shi dai ya ce masu ƙera allura ne suka rage ramin don su ci riba.

Bara sai gwamnati ta ware kuɗin tallafi domin yaran da suka gama sakandare su koyi sana'a a hannun masu ita. Yaro zai yi wata shida ana ba shi ɗan kuɗin mota, a ƙarshe a gwada shi. In ya ci, a ba shi akwatin kayan aiki da abin kama shago. In ya faɗi, ya koma gida da ilimin shara. Ƙungiyar teloli ce ta ba da sunan Baba. Shi ya ɗauka gwamnati injin lantarki za ta kawo masa, har ya share masa wuri a kusurwa. Sai aka kawo masa yaro.

Ma'aikaciyar da ta rako shi mace ce mai jaka babba da magana gajera. Ta ce, “Baba, ba zan ɓoye maka ba. A ƙarshen wata shida zan zo da keke mai tsallake. In ya saita shi ya ci, in bai saita ba babu akwati.”

Baba ya ce, “Wata shida? Ni a wata shida ban gama sanin inda ake ajiye tsintsiya ba.”

Ta ce, “To shi ka nuna masa yau, a rage aiki.”

Yaron dogo ne siriri, riga a goge, kuma kullum kafin mu zo da makulli yana tsaye a ƙofa. Maraya ne. Mahaifiyarsa da ɗinkin cikin gida ta riƙe su, shi da ƙannensa, kuma burinta a duniya ta ga ya samu abin yi na kansa. Teloli suka sa masa Ɗan Gwamnati. Da aka gano cewa tun daga aji ɗaya har ya gama makaranta shi ne monita, sai Monita ya bi shi.

Ba a taɓa kawo wa Baba yaro mai kai irinsa ba. Kafin wata ya ƙare yana kwance keke ya wanke ya mayar, ba sukuru ɗaya da zai yi saura a tebur. Ya jera kayan aikin Baba bisa tsari, har sai da Baba ya yi mako bai ga komai ba. Baba bai yaba masa ba, don ba ya yabo, amma na ga ya fara saya masa shayi.

Sai ranar da aka kawo keke mai tsallake na farko. Baba ya ɗauke shi zuwa taga, ya juya baya, ya ɗaga gwiwar hannu. Ina kallo daga teburina. Monita ya dubi bayan rigar, ya fahimci an zo wurin sirri, sai ya juya shi ma ya fuskanci bango, ya kama karanta kalandar wani kantin zare ta shekarar da ta wuce. Haka suka tsaya baya da baya har aka gama.

Yaron da ya yi shekaru yana rubuta sunan masu leƙen amsa ne. An koya masa cewa in mutum ya kare takardarsa da hannu, kai naka ka dubi taka. Kuma an yi ta ba shi kyauta a kan haka.

Baba ya ƙara ɗaga hannun. Ya ɗaga har ya zama duk wanda ke zaune a benci yana iya hango ƙugiyar in ya so. Monita ya haddace kalandar.

Baba ya sayo madubi. Ya ce don masu jira ne, kamar akwai telan da zai rungumo keke ya zo duba fuskarsa. Ya daɗe yana gyara masa zama a bango, yana matsawa yana hangowa, har sai da ya nuna ƙarshen tebur sosai. Washegari muka tarar an rataya ƙyalle a kai.

Monita ya ce, “Baba, na lura madubin nan yana nuna aikinka. Wani zai iya gani.”

Baba ya ce, “Allah ya yi maka albarka.” Da muryar da ya faɗe ta ake zagin mutane.

Daga nan ya fara magana shi kaɗai, mutumin da ko waƙa ba ya yi a bakin aiki. Yana juya baya sai ka ji ya ce, “To ni yanzu bari in sassauta sukurun nan na ƙasa.” Monita ya ji tausayinsa, ya ɗauka tsufa ne. Ya tashi ya ƙara muryar rediyo don kada masu jira su ji.

Wata rana Baba ya kai saiti rabi, ya bar keken a buɗe, ya ce zai zaga. Ya je bayan shago ya tsaya cikin rana, ya manna ido a tsagar ƙofa. Ya kusa awa a can. Monita ya rufe keken da zane saboda ƙura, ya jawo kujera ya zauna gadi. Har wani tela da ya matso kusa sai da ya kora.

Da yamma a gida Baba ya kasa cin abinci. Inna ta tambaye shi lafiya.

Ya ce, “Yaron nan ba ya sata.”

Inna ta ce, “To ka kai shi ƙara mana, Malam.”

Ni abin ya daina ba ni dariya, don wata na biyar ya kama. Na ce, “Baba, ka kira shi ka nuna masa kawai. Mene ne a ciki?”

Ya ce, “Ke Auta, ba ki san sana'a ba. In na nuna masa ai kyauta ce. Kuma kada in ji kin faɗa masa.”

Na faɗa masa washegari. Na same shi yana wanke noti na ce, “In Baba ya juya baya, ka leƙa ta ƙarƙashin hannunsa. Shi yake so ka leƙa.”

Ya yi murmushi irin na wanda ya gane tarko. Ya ce, “Anti, a makaranta ma ana yi mana haka. Malam ya bar takardar jarrabawa a tebur ya fita, ashe yana taga. Ni amana aka ba ni. In lokaci ya yi zai nuna min da kansa.”

Na ce, “In bai nuna ba fa?”

Ya ci gaba da goge noti ɗaya da ya riga ya bushe. Can ya ce, “To ban kai ba ke nan.” Ya ce mahaifiyarsa ta riga ta yi magana da mai wani ɗan shago a unguwarsu, kullum in ta wuce sai ta tsaya ta dube shi. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan fara shaƙewa tsakanin su biyun.

Saura kwanaki kaɗan a yi gwaji Yaya ya sauka. Ya ajiye motarsa a bakin titi ya shigo gaida Baba da hantsi, ya zauna a benci. Suka tambayi juna gajiya. Ana cikin haka aka kawo keke mai tsallake. Baba ya ɗauka zuwa taga, ya juya baya, hannu ya tashi. Monita ya koma wurin kalandarsa.

Yaya ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ce, “Ashe har yanzu ana yi.” Sannan ya ce da Monita, ba da ƙarfi ba, “Kada ka sa a ranka, ƙanina. Ni ɗansa ne na cikinsa. Shekara uku ina kallon bayan rigar nan. Ni ma bai yarda da ni ba.”

Ƙarar sukudireba ta tsaya. Baba bai juyo ba. Ya ce, “Me ka ce?”

“Ba komai, Baba. Ya wuce.”

“Ban yarda da kai ba?”

“Kullum aka zo wurin aikin gaske sai ka juya min baya. Na gane ai. Ban yi fushi ba, na nemi wata hanya.”

Baba ya juyo. Hannunsa na hagu yana nan a ɗage, ya manta bai sauke ba. Ya nuna kafar da sukudireba, ya ce, “Wannan fa? Shekara uku ina buɗe maka nan. Kafaɗar nan har yau in sanyi ya sauka ba ta barina barci. Wa kake tsammani nake buɗe wa?”

Yaya ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, “Na ɗauka zafi kake ji.”

Ba wanda ya yi dariya. Mai keken ya ce bari ya je ya dawo. Ni na sunkuya ina jera maɓallan da suke a jere, don hawaye ya cika min ido kuma ba na so a gani. Shekara ashirin da wani abu ɗaya yana cewa ɗansa ba shi da ido, ɗaya yana cewa ubansa bai yarda da shi ba, kuma duk tsawon lokacin muna cin abinci a gida ɗaya.

Baba ya shafa wurin ranƙwashinsa, amma wannan karon bai yi murmushi ba. Sai ya rungumi kan keken, ya baro taga, ya kawo shi tsakiyar tebur ya dire. Ya zagaya ya tsaya ta can, fuskarsa tana kallonmu. Na girma a shagon nan, ban taɓa ganinsa ta wannan ɓangaren ba.

Ya ce, “Kai Ɗan Gwamnati, bar kalandar nan, ba za ta canza ba. Zo ka gani.” Bai dubi benci ba ya ce, “Duk mai son gani ya zo.”

Yaya ya taso. Suka sunkuya su biyu, mai gemu da mara gemu. Baba ya sassauta sukuru, ya juya hannun keke har allura ta kai ƙasa, ta fara tasowa da kaurin farcen babban yatsa. Ya ce a nan ne bakin ƙugiya zai iso bayanta, ɗan sama da ramin, kusa da kusa amma kada su taɓa juna. Ya ce da Monita, “Duba min, ta iso?” Don shi ba ya ganinta sosai, ya jima da yatsa da kunne yake yi. Monita ya ce saura kaɗan. Baba ya ɗan matsar da ita. Monita ya ce ta iso. Aka ɗaure. Shayin da ke kan tebur bai huce ba aka gama.

Yaya ya ce, “Shi ke nan?”

Baba ya ce, “Shi ke nan.”

Yaya ya gyaɗa kai. Ya ce bari ya duba tayoyin motarsa. Motar tana da tayoyi da yawa, amma ba su kai yawan lokacin da ya yi a can ba.

Kwanakin da suka rage Baba ya yi ta ɓata saitin kekunan kanta yana tura wa Monita. Ranar gwaji ma'aikaciyar ta zo da nata keken a bayan mota, yaron ya saita shi a gabanta, ta ɗinka ƙyalle ta ja da ƙarfi bai ɓalle ba. Ta ce ya ci. Monita ya durƙusa yi wa Baba godiya, Baba ya ranƙwashe shi. Ya ce ba don ya yi sata ba, don dai kada a ce an sallame shi ba a cika ƙa'ida ba. Yanzu yana da shagonsa a unguwarsu, kuma keken farko da ya gyara a ciki na mahaifiyarsa ne. Ƙungiya ta tambayi Baba ko zai karɓi wani yaron bana. Ya ce a kawo, amma a bincika a tabbatar ba monita ba ne.

Sukudireba mai ƙotar katako kuwa bai ba Monita ba, gwamnati ta ba shi nasa sabbi fil. Mun dai wayi gari ba ta aljihun Baba. Da na tambaya ya ce wataƙila sace ta aka yi, kuma bai neme ta ba.

Yaya bai bar tuƙi ba, yana da iyali, kuma ya makara da sake sana'a. Sai dai yanzu in ya sauka yakan kwana biyu. Keken Inna, wanda tun aurensu bai taɓa ciwon kai ba, ya koma duk zuwan Yaya sai ya fara tsallake. Inna ta san wanda yake taɓa shi. Da safe Yaya yakan fito da shi tsakar gida ya ɗora a tebur, ya zaro wata tsohuwar sukudireba daga aljihu, ya juya wa Baba baya. Sai ya ɗaga gwiwar hannun hagu.

Baba yana kujerarsa ta roba. Daga inda yake ba ya iya ganin allura, balle raminta. Amma yakan jawo kujerar a hankali don kada ta yi ƙara, ya karkata kai, ya leƙa.